Goron Sallah ga 'yar shekara 11: me naira 10,000 za ta saya?

Gwaggon Yara: Assalamu alaikum jama'ar zaure, barkanmu da shan ruwa. Don Allah shawara nake nema. Ɗiyar yayana ce a Argungu, shekararta 11, tana aji shida na firamare. Duk ƙaramar Sallah nakan tashi daga nan Birnin Kebbi in je musu, kuma ba na zuwa hannu rabbana. Da tana ƙarama abin ba wuya: 'yar tsana, balan-balan, tabarau na roba, agogon nan da hannunsa ba ya motsi, sai ka ga tana tsalle. To bara na kai mata 'yar tsana mai gashi har gadon baya. Ta durƙusa ta karɓa da hannu biyu, ta ce "na gode Gwaggo", a gabana ta juya ta miƙa wa ƙanwarta. Wallahi sai da na ji kunya. Bana naira 10,000 na iya warewa, ko sisi ba zan iya ƙarawa ba. Ubanta ya riga ya yanka musu atamfa, anko da ƙannenta. Me zan saya mata da zai faranta mata rai, wanda ba na jarirai ba ne, ba kuma na 'yan mata ba? Ku sani gidan mata biyu ne, yara bakwai.

Maman 'Yan Biyu: Wa'alaikumus salam. 'Yar jakar ratayawa, Gwaggo. Tawa ma sha ɗaya take, bara na saya mata, har barci da ita take yi. Ranar Sallah a ciki za ta riƙa zuba barka da Sallah, ta ji ita ma ta zama mutum. In canji ya rage ki haɗa da hijabi.

Amaryar Bana: Ni dai kayan kwalliya zan ce. Hoda, jan baki mara duhu, gazal, ɗan turare. A babbar kasuwa za ki haɗa su duka kuɗinki bai ƙare ba. Babu yarinyar da za ta ƙi wannan.

Hajiya ta Jega: Jan baki ga ɗiya 'yar sha ɗaya? Haba ɗiyata. Mu da munka tashi ko madubi sai mun saci ido muke dubawa. In anka ba ta hoda bana, baɗi mi za a ba ta, lehe?

Amaryar Bana: Allah ya ja kwana Hajiya, ai na rana ɗaya ne. Ko ba a saya mata ba ranar Sallah sai ta shafa na uwarta. Gara nata na kanta da a yi ta faɗa a kan madubi.

Hajiya ta Jega: Na uwatta aro na, ana amshewa da marece. Wanda Gwaggo tas saya mata izini na.

Nas daga Zuru: Ni ba zan shiga tsakanin Hajiya da Amarya ba, amma bari in faɗi abin da idona yake gani a wurin aiki. Duk bayan Sallah da kwana biyu ko uku sai an kawo mana yara hannu ya kumbura, ƙuraje sun fito daidai zanen furen da aka yi musu, kamar an bi da wuta. Baƙin lallen da ake haɗawa da dayis ne. Wani jikin yana ɗauka, wani ba ya ɗauka, kuma tabon yakan yi watanni. Jan lalle na ganye ba ruwansa da wannan. Haka ɗan kunnen da ake sayarwa a faranti, mai ƙyalli kamar zinari: da yawa akwai ƙarfen nikel a ciki, kunnen yarinya ya yi ta ƙaiƙayi yana ruwa. Man shafawa kuwa Gwaggo ko kyauta aka ba ki kada ki kai mata wanda aka rubuta yana haska fata. Man kaɗanya ko basilin sun ishe ta. Sai kwalli na dutse, wanda ake niƙawa: akwai dalma a cikinsa, yaro kuma ya murza ido ya kai hannu baki.

Inna ta Gwandu: Yau ga sabon salo. Kwallin ma? Kakata ta kai shekara casa'in tana zura zare a allura, kullum da kwalli a idonta.

'Yar Gusau: Inna, mu nan Zamfara in aka ambaci dalma gabanmu faɗuwa yake. A 2010 yara sama da 400 suka rasu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Ba kwalli ne ya kashe su ba, ƙurar dutsen zinari ce da ake daka wa a cikin gidaje, amma gubar ita ce dai wannan. Babba yakan jure abin da yaro ba zai jure ba, kuma ba nan take take nuna kanta ba, ƙwaƙwalwa take taɓawa a hankali. Tun daga lokacin na daina sa wa yarana na dutse.

Inna ta Gwandu: Allah ya jiƙansu. To na ji. Amma ni nawa idon ya riga ya saba.

Mai Zaure: Jama'a an tambaye mu goron Sallah, mun kai baiwar Allah asibiti. A dawo kan hanya don Allah.

Kawu na Kamba: Ku mata kuna son wahalar da kai. Ki canzo sababbin 'yan ɗari biyar-biyar guda ashirin, ki sa a ambulan, ki damƙa mata. Ta sayi abin da ranta yake so. Magana ta ƙare.

Maman 'Yan Biyu: Kawu, da alama kai ba a taɓa ce maka "kawo in ajiye maka" ba.

Amaryar Bana: Wayyo! Ni har yau ina bin Mama kuɗin Sallar shekara goma. Duk na tambaya sai ta ce shinkafar da na ci fa?

Kawu na Kamba: An ce mini mana. Tsohuwata ta ce za ta saya mini ɗan akuya da su. Yanzu gemuna ya fara fari, ɗan akuya bai iso ba.

Gwaggon Yara: Kun sa ni dariya ni kaɗai a ɗaki. Gaskiya kuɗi ba za su kwana a hannunta ba. Ba don uwar tana da son zuciya ba, baiwar Allah ce, amma kun san yadda gidaje suke tun da aka cire tallafin mai a 2023. Naira 10,000 a hannun yarinya alhali babu kuɗin cefane, ko ni ce uwar sai na ranta. In na ba da kuɗi, gidan na taimaka wa, ita kuwa ba ta samu komai ba.

Tela Mai Haƙuri: In kin ce ɗinki ne, rabin turmi ya ishe ta, yadi uku kenan, a fitar da doguwar riga da ɗankwali. Ki sami wata ku raba turmi ɗaya, yadi shida, kowa ya ɗau rabi. Amma tsakani da Allah yau azumi sha huɗu, duk telan da ya karɓi ɗinkinki yanzu ya ce miki "jibi", jibin bayan Sallah yake nufi. Ni tun goma ga wata na rufe karɓa. In za a yi, a bar mata sarari a kafaɗa da ƙirji, a naɗe tsawo a ƙasa yadda za a iya warwarewa. Yarinya a wannan shekarun rigar ƙaramar Sallah ba lallai ta kai ta babbar Sallah ba, alhali wata biyu da kwana goma ne tsakani.

Gwaggon Yara: Malam Tela ka taɓo mini tsohon miki. Shekara biyu da suka wuce wani tela a unguwarmu ya riƙe mini kayan yara har daren Sallah, da na je na tarar ko yanka su bai yi ba, ya kashe waya ya gudu. Na yafe ɗinki.

Tela Mai Haƙuri: Ba ni ba ne dai, a shaida.

Malamar Aji Shida: Gwaggo, shekarata 14 ina koyar da aji biyar da shida, bari in faɗa miki abin da na lura da shi. Abin da yarinya 'yar sha ɗaya take ƙishirwa shi ne abin da za ta ce "nawa ne". Ki duba rayuwarta: kayan Sallah anko, tabarma ɗaya da ƙanne, kwano ɗaya, takalmin da ya matse ta ya koma ƙafar ƙanwa, ita kuma ta gaji na wata. Ita ce mai goyo, ita ce mai wanke-wanke, ita ake aika. Shi ya sa ta miƙa 'yar tsanar nan. Ba raini ba ne, a gida an riga an ɗora ta a layin manya, sai ke kika zo kika mayar da ita layin yara.

A ajina abubuwan da nake ganin suna sa yarinya ta ɗaga kai ba masu tsada ba ne. Agogon hannu mai aiki da gaske, wanda ƙawaye za su riƙa tambayarta ƙarfe nawa. Akwatin kayan lissafi sabo, tunda jarabawar shiga sakandare na gabanta. Littafin rubutu mai kauri da biro masu launi. Ƙaramar fitila mai cajin rana, don in an ɗauke wuta ta yi bitar hadda ba sai ta jira an gama da tocilar gida ba. In Alƙur'ani za ki saya, ki fara tambaya wane take karantawa, don Islamiyyu da yawa Hafsu suke yi, makarantun allo kuma Warshu. Na ga wadda aka kawo wa mai kyau da zip, ya zauna a saman sif saboda ba irin na makarantarsu ba ne.

Sai abu na ƙarshe, maza ku yi haƙuri. A shekarun nan jiki yake fara canzawa. Kusan kowace shekara sai na sami yarinya a ajina da abin ya zo mata ba ta san komai ba, ta zauna a benci ta ƙi tashi har a tashi makaranta, wata ta yi kwana huɗu ba ta zo ba. Bes guda biyu, siket na ciki, da ƙunshin audugar mata ɗaya, a naɗe a leda daban, ki ba ta a ɗaki ke da ita, ki yi mata bayani da yadda ake wankan tsarki. Ba zai ci rabin kuɗinki ba.

Kawu na Kamba: To ni na tafi tarawihi.

Inna ta Gwandu: Malama, wannan ai aikin uwa ne. Kuma wa ya taɓa jin an yi goron Sallah da auduga? Kada a buɗe wa yarinya ido tun lokaci bai yi ba.

Malamar Aji Shida: Inna, da girmanki, lokacin ba ya sallama kafin ya shigo. Ban ce shi ne goron Sallar ba, na ce a haɗa a gefe. Kuma a Islamiyya ana karantar da su babin tsarki, sun ji sunan abin, yadda za su yi da shi ne ba wanda ya nuna musu.

Gwaggon Yara: Malama kamar kin san gidan. Yarinyar 'yar fari ce. Uwar ko sunanta ba ta faɗa, sai dai "ke" ko "waccan". A gaban mutane ba ta ko kallonta sosai. Wadda ke wannan kunyar ta yaya za ta zaunar da ita ta yi mata irin wannan magana? Ni ma 'yar fari ce, kuma ƙanwar babana ce ta yi mini, Allah ya jiƙanta. Ban taɓa kawo wa raina cewa layi ya zo kaina ba sai yanzu da kika faɗa.

Inna ta Gwandu: In 'yar fari ce kam na janye. Amma ki fara shaida wa uwar, kada ta ji daga sama.

Nas daga Zuru: Wannan gaskiya ne. Ki kuma nuna mata yadda ake sawa da yadda ake zubarwa, kada ki miƙa kawai ki fito.

Ɗan Aliero: Ni fa ina ganin ƙaramar waya ta fi duk wannan. Ko ta hannu ce, mai tocila da rediyo. Ta riƙa kiran Gwaggonta.

Maman 'Yan Biyu: Ta riƙa kiran Gwaggonta, wasu kuma su riƙa kiranta. A'a.

Mai Zaure: Layin ma sai da NIN, lambar shaidar ɗan ƙasa, da sunan wa za a yi? Kuma kyautar da sai uba ya yarda kafin a riƙe ta, ba baƙo ke kawo ta ba. A wuce wannan.

Hajiya ta Jega: Ku saurara in ba ku ta tsohuwa. Ina kamar shekarunta gwaggona ta zo Sallah da budurwar kaza a kwando, tac ce "wagga taki ta". Na yi kuka, don ni warwaro nike so. Kaza ta yi ƙwai goma sha biyu, ta kwanta kwana 21, ta ƙyanƙyashe tara. Shaho ya ɗau biyu, bakwai sunka girma. Shekara ba ta zagayo ba na sai da zakaru na cika na sayi 'yar akuya. Akuyar nan 'ya'yanta anka saida anka yi min kwanonin jere. Kullum da sahe ni ka ba su dussa, ni ka rufe akurki, ba wanda ka taɓa su sai da izinina. Agogo batir nai ƙarewa shikai, jaka ta tsage, kaza kuwa haihuwa takai.

Amaryar Bana: Hajiya labarin ya yi daɗi, amma fa a gidanmu duk kazar da aka ce ta yaro ce, ranar da baƙo ya sauka ita ake fara kamawa.

'Yar Gusau: Ga ciwon kaji da ke zuwa da hunturu, rana ɗaya ya share akurki. Sai an yi musu rigakafin nan da ake ɗiga wa a ido ko a ruwan sha. Yarinya ta shaƙu da abu ta wayi gari ta gan shi a sandare, kuka ne za a sha.

Hajiya ta Jega: Shi ma karatu na. Wadda ba ta taɓa rasa kaza ba, ƙaƙa za ta iya riƙon gida?

Gwaggon Yara: Hajiya ni abin da nake tsoro, kazar ta shiga ɗakin abokiyar zaman uwarta ta ɓarar da tsaki, a ce Gwaggo ta kawo fitina mai fukafukai.

Malam na Bunza: Tunda an zo nan, ita ce gaɓar da nake jira. Yara bakwai, a fito da jaka da agogo a ba ɗaya, shida suna kallo? Hadisin Nu'umanu ɗan Bashir yana cikin Bukhari da Muslim: mahaifinsa ya yi masa kyauta shi kaɗai, ya nemi Annabi (SAW) ya shaida, Annabi ya tambaye shi ko ya yi wa sauran 'ya'yan irinta, ya ce a'a, sai aka umarce shi da ya ji tsoron Allah ya yi adalci tsakanin 'ya'yansa. Maganar a kan uba take, gwaggo ba ta cikin wannan hukuncin kai tsaye, amma zuciyar yaro ba ta san wannan bambancin ba. Zuciyar ɗaya matar ma haka.

Maman 'Yan Biyu: Allah ya gafarta Malam, in aka raba 10,000 gida bakwai ai kowa alawa zai samu, mun koma inda muka fito. Babba babba ce. Ita ke wahalar gidan, ranar rabo kuma a ce kowa ɗaya?

Malam na Bunza: Ban ce a daidaita ba, Hajiya. Na ce kada wani ya tashi hannu wofi. A ware 2,000 a sayi alawa, biskit, balan-balan, a raba a tsakar gida kowa ya samu, a fara da ɗakin uwargida ko amarya, duk wadda ba ita ta haifi yarinyar ba. Na babbar kuma a ba ta a ɗaki. In an tambaya, amsar a shirye take: ta kai aji shida, duk wanda ya kai zai sami nasa. Sai dai fa in an faɗa a cika.

Gwaggon Yara: Malam ka ɗaura mini bashin shekara goma kenan. Akwai mai bi mata a ɗaya ɗakin, aji huɗu take. Amma na yarda, hakan ya fi.

'Yar Argungu: Ni mutuniyar garin ce, bari in sa baki. Duk kun yi ta zaɓar mata, ba wanda ya ce a tambaye ta. Gwaggo, daga Birnin Kebbi zuwa nan ba wata tafiya ba ce. Ki zo ana jibi Sallah, ki ce a ba ki ita ta raka ki kasuwa, ki faɗa mata abin da ke hannunki, ki bar ta ta taya da bakinta. In kin ga yadda yaran nan suka iya ciniki sai kin riƙe baki. Bayan Sallah kuma ki ɗauke ta ku leƙa gidan tarihi na Kanta. Tsohuwar fadar Sarkin Kabi ce, an mayar da ita gidan tarihi tun 1958, akwai makamai da tambura da kayan su na da, sarakunan ma a nan aka binne su. Yaran garin da yawa suna wucewa ta ƙofar kullum ba su taɓa shiga ba. Mutane na tasowa daga Turai don kallon bikin kamun kifi a kogin Matan Fada, ɗan gida bai san abin da ke bayan katangar unguwarsu ba.

Malamar Aji Shida: Wannan ya yi. Sai dai in kin tambaye ta kai tsaye "me kike so" cewa za ta yi "duk abin da kika ba ni Gwaggo". Ki ce mata jaka ko agogo, ja ko shuɗi, sai bakin ya buɗe.

Gwaggon Yara: Salamu alaikum, na dawo da rahoto. Zuwa kafin Sallah ba zai yiwu ba, kuɗin mota sau biyu ya fi ƙarfina, sai na kira wayar uwar jiya bayan an sha ruwa. Na fara yi mata maganar da Malama ta kawo. Shiru ta yi har na ɗauka layi ya yanke, can ta ce "Allah ya saka, dama abin yana raina." Daga nan aka ba yarinyar. Na yi yadda aka ce, jaka ko agogo. Ta ce agogo, da sauri har tana haɗiye harafi, wai mai lambobi, ba mai hannu ba, kuma baƙi, kada a sayo mai ruwan hoda irin na yara. Kun ji fa. Yau na shiga kasuwa: agogo 3,000, na sa mai shagon ya canza batir a gabana, 'yar jaka 2,500, bes biyu da auduga 2,500, alawa da balan-balan na ƙanne 2,000. Ko na ruwan leda bai rage ba. Gidan tarihin kuma in Allah ya kai mu washegarin Sallah za mu je, har da ƙanwar nan mai bi mata.

Hajiya ta Jega: To ni ba a bi tawa ba, amma ban huce ba. Ina da budurwar kaza wake-wake, ta kusa fara ƙwai. Ki turo wanda za shi amsa a tashar Jega ranar jajibiri, na ba ɗiyar, kyauta. In ta ɓarar da tsakin kishiya a ce Hajiya ta.

Gwaggon Yara: Hajiya Allah ya ƙara girma, ya bar zumunci. Amma yanzu da kaza zan shiga motar Argungu da kayan Sallata?

Kawu na Kamba: Na dawo. Ki ɗaure ƙafafun, ki huda kwali ki sa ta, ki riƙe a cinya. Kada ki yarda a sa ta a but, zafin nan na bazara kafin ku kai rabin hanya ta zama farfesu. Kuma in ɗan kamasho ya ce sai kin biya mata kujera, ki ce masa 'yar aji ɗaya ce.